Dariyar da Na Koya Maka

Jikwoyi, Abuja
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya tsare maka hanyar da za ka hau jibi, Ya sauke ka Legas lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kamfanin wasan barkwancin da ya kira ka, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki da sharrin abin da zuciya ke ƙawata wa mutum. Amin.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Sau biyu na kira ka don mu yi magana, sau biyu na kasa. Ka san halina, da na ɗauko zance mai nauyi sai wasa ya shigo, mu tashi muna dariya ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na zauna da biro.

Tun ranar Asabar abinci ba ya min daɗi. Ranar ce ka ja min kujera a tsakar gida, ka buɗe kwamfutarka, ka ce, "Baba, zo ka ga bidiyon da zan kai musu, wannan shi zai ɗaga ni." Na zauna da murna. Sai na gan ka a bakin hanyar Orozo kana tafe gaban wata tsohuwa mai tallar nono. Ka yanke jiki ka faɗi, kana shure-shure, kumfar sabulun da ka ɓoye a baki tana dalala, kamar mai farfaɗiya. Tsohuwar ta yi jifa da ƙwaryar da ke kanta, nono ya malale a ƙasa, ta durƙusa ta ɗora kanka a cinyarta, ta cire mayafi tana yi maka fifita tana salati. Abokanka suka zo da keke napep suka ɗauke ka wai sai asibiti, ita kuwa aka bar ta durƙushe cikin fasasshiyar ƙwarya tana bin ku da ido.

Na tambaye ka, "Daga baya kun koma kun gaya mata wasa ne?" Ka ce, "Haba Baba, ai da mun gaya mata ya lalace." Sannan ka mayar da hoton baya zuwa daidai inda bakinta ke rawa, ka tsayar, ka ce in kalli fuskarta. Sau uku ka yi haka, kana dariya har da buga cinya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wallahi Nasiru, tsoro ne ya kama ni a kan kujerar nan. Ba faɗuwarka ce ta tsorata ni ba. Idonka na kalla, na nemi ko ɗigon tausayi ban samu ba, kuma na san idon nan, don na yi shekara da shekaru ina ganinsa a madubin ɗakin kwalliya.

Ba zan zage ka ba. In akwai wanda ya kamata a fara tone wa asiri, ni ne, kuma yau zan tona da kaina.

Kai ka tashi ka tarar ana ce min Oga Sumul daga Nyanya har Karshi, ba ka san yadda aka yi ba. Ni kafinta ne. Lokacin da aka ɗauko kujerar mulki daga Legas aka kawo nan, a bayan tirela na zo, zaune kan katako da fitilun gidan talabijin ɗin da nake wa aiki. Garin nan duk jar ƙasa ne da katafila, ma'aikata sun baro iyalansu, kowa ya tashi aiki sai ya koma kwatas ya zauna shiru gaban akwatin talabijin. Mutane na matuƙar neman abin da zai sa su dariya. Aikina in kafa bangon ƙarya in buga ƙofar ƙarya, 'yan wasa su shigo. Wata rana wani ɗan wasa bai zo ba, furodusa ya dube ni da guduma a hannu ya ce, "Kai Sabo, bakinka ba ya shiru, zo ka tsaya nan."

A lokacin ba ma rubuta komai. Za mu zauna gindin mangwaro a bayan sitidiyo, furodusa ya ce yau gidan makoki ne, kai ne mai ta'aziyya, ke ce matar mamaci, sauran kowa ya cike da bakinsa. Don haka duk abin da Sumul, wanda nake fitowa a matsayinsa a wasan, ya faɗa, daga cikina ya fito, babu wanda ya sa min shi a baki. Sumul zai je ta'aziyya ya fi kowa kuka, ya fito ya sa takalmin mamacin ya tafi. Zai je dubiya asibiti ya cinye abincin maras lafiya, ya zare matashin kansa ya kishingiɗa. In an kama shi ba ya daburcewa, ba ya sunkuyar da kai, sai ya juya maganar da daɗin baki har wanda ya kama shi ya koma yana ba shi haƙuri. Daga nan ya dubi kyamara ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ni mene ne nawa?" Kai jama'a! Direbobi a tasha, 'yan sanda a shinge, manyan sakatariya masu kwat, kowa ya gan ni sai ya ɗaga kafaɗa ya faɗi kalmar nan.

Ga kuskurena na farko. Bayan an yi nisa, furodusa ya kawo shawarar a yi mako guda da Sumul zai yi abin da zai dame shi, ya zauna shi kaɗai ya ji kunya, ko da ta minti ɗaya. Na yi tsalle na dire na ce ban yarda ba, za a kashe min kasuwa, mutane ba sa son Sumul mai nadama. Na yi gaskiya, ba sa so. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ni ma ba na so ba. To kai ka tambayi kanka. In ka ƙirƙiro mutum maras imani don a yi dariya, ba laifi ba ne, duniya na da irinsu kuma gara a nuna su. Sai dai ka lura da wanda ake yi wa dariyar. In mugun ake wa dariya, ka yi aiki. In wanda aka zalunta ake wa, mugun kuma ana tafa masa, to ka tara jama'a ne kana koya musu mugunta da yamma bayan sun ci tuwo.

Akwai wata likita da muka yi maƙwabtaka da ita a kwatas, ba Bahaushiya ba ce, a ɓangaren masu taɓin ƙwaƙwalwa take aiki. Wata rana ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Oga Sumul, wannan mutum da kake yi, mu muna ganin irin shi. Ba hauka ba ne fa. Yana da wayo, yana da baki mai daɗi, amma ciwon wani ba ya shiga jikin shi, kuma bai san ya yi laifi ba. Matan shi da yara su ne suke zuwa wurinmu suna kuka. Ina ka samo shi haka daidai?" Ka san me na yi? Na ɗaga kafaɗa na faɗa mata kalmar nan. Ita kaɗai ce a garin nan ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki bokitinta ta wuce, ni kuwa har na ji haushinta, na ce mace ce maras raha.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai. Ban taɓa ba ka labarin Haruna ba, mamanka ma ba ta ambatarsa a gabana. Haruna ɗan gwaggona ne, taubashina. Ka san yadda taubasai suke, wasa ne tsakaninsu tun daga haihuwa har kabari, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. Ni na kira shi daga Katsina na ce ya zo, gari sabo ne, ana samu. Ya zo ya kafa teburin shayi a tashar Jabi, Allah Ya sa masa albarka, direbobi ba sa shan na kowa sai nasa.

Matarsa ta kasa zaman Abuja, ta yi yaji ta koma gida. Haruna na sonta kamar ransa. Sau uku yana rufe tebur ya hau mota ya tafi biko. A na ukun surukinsa ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ya shige ciki, aka bar shi tun hantsi har la'asar cikin rana, yara na leƙensa, ko ruwa ba a miƙo masa ba. Da ya dawo bai wuce ko'ina ba sai ɗakina. Ya zauna bakin katifa yana ba ni labari, ƙato da shi ya fashe da kuka. Ya cire hularsa yana murɗa ta kamar mai matse wanki, ya share hanci da ita, ya manta ya mayar da ita kansa a haka, yana ta cewa, "Sabo, ko muryarta ban ji ba, ko muryarta."

Nasiru, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa mahaluki ba. Hannuna na kan kafaɗarsa ina cewa ya yi haƙuri, amma idona na kan hular. A raina cewa nake, kai, wannan zai yi kyau. Ina haddace yadda yake murɗa ta, ina haddace inda muryarsa ke karyewa. Ɗan'uwana na kuka a ɗakina, ni ina tattara kayan aiki.

Ranar riyasal, wato gwajin wasa, na kai labarin gindin mangwaro. Na koya wa wani ɗan wasa murɗa hular da kaina, na koya masa "ko muryarta" har sai da ya iya. Muka sa shi mai shayi, ban ko canza masa sana'a ba. Sumul ya raka shi biko, ya shige ciki ta ƙofar baya ya cinye girkin da aka yi, ya bar shi a tabarma. Masu riƙe kyamara sai da aka tsaya don dariya ta hana su aiki.

Washegarin da aka nuna shi, tashar Jabi ta ɗauka. Duk wanda ya zo shan shayi sai ya cire hula ya murɗa ya ce, "Haruna, ko muryarta!" Kwandastoci na kiran fasinja da ita. Da na je wurinsa, ya zuba min shayi da hannunsa, ya yi murmushi ya ce, "Taubashi, ka gama da ni." Na ce, "A'a, kar dai ka ce ka yi fushi?" Ya ce, "Ina ni ina fushi, ai wasa ne." Ka ga inda na ɗaure shi? Na san ba shi da damar yin fushi, na san in ya buɗe baki dangi za su ce Haruna bai san wasa ba. Al'adar da aka yi don zumunci ya yi daɗi, ita na mayar igiya. Labarin ya kai har gidan surukansa, don can ma suna da talabijin, kuma daga nan zancen komen ya mutu. Bai yi wata biyu ba ya bar wa wani teburin ya koma Katsina.

Na yi ta cewa zan je. In an yi hutu zan je, in an yi sallah zan je, in na je ma ai da wasa ɗaya zan wanke komai. Ina cikin zan je aka aiko ya rasu, zazzaɓi na kwana huɗu. Na je ta'aziyya, ina shiga zaure wasu samari suka gane ni suka fara murmushi suna taɓa juna, suna jiran su ga ko zan sa takalmin mamaci. A gidan makokin ɗan'uwana! Gwaggo ta amsa gaisuwata ba ta ɗago kai ba. Har ta bar duniya ba ta ƙara kiran sunana ba, sai dai ta ce "mai wasan nan".

Don haka ka riƙe wannan da kyau. Duk wanda ya yi kuka a gabanka amana ya ba ka, ba kayan aiki ba. Ranar da ka ji wani na cikin tashin hankali, kai kuma kanka na lissafin ta ina kyamara za ta fi ɗaukarsa, ka ajiye komai ka yi alwala, don wani abu na mutuwa a cikinka. Kuma kalmar "ai wasa ne" ba ta wanda ya yi wasan ba ce. Wanda aka yi wa shi ke da ikon faɗinta, in ya ga dama, bayan ya san gaskiyar abin da aka yi masa. In kana da haƙurin da za ka bayar, ka ba da shi da ƙafarka a ranar, kada ka ce sai an yi hutu.

Za ka ce to bayan Haruna ai na hankalta. Ina fa! Na bar wasan bayan wasu shekaru, amma a gida ban bar shi ba. Kana da shekara shida ka zuba wa ƙanwarka Zainabu barkono a kunu. Yarinya ta kurɓa ta ƙwalla ƙara, tana birgima tana kama harshe. Mamanka ta fito da gudu ta ce wa ya yi wannan, kai kuwa ka goya hannu a baya, ka ɗaga 'yar kafaɗarka ka ce, "To ni mene ne nawa?" Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ɗaga ka sama na ce ɗan gado. Mamanka na ɗura wa Zainabu manja tana cewa, "Malam, yarinyar fa kuka take." Na ce ta bari, yaro ne, basira ce. Da baƙi suka zo da yamma na sa ka maimaita musu, har na ce Zainabu ta zo ta sake yin yadda ta yi. Subhanallahi. Ranar nan na koya maka cewa in hawayen wani ya ba da dariya, to an yafe maka. Ban taɓa zama na warware maka wannan karatun ba, ga shi ka haddace shi ka fi malaminka.

Ban ce kai ne mutumin da likitar nan ta kwatanta ba, Allah Ya kiyaye. Na ga yadda ka yi jinyar mamanka bara, ka yi sati ba ka taɓa kyamara ba. Zuciyarka na nan da ranta. Amma ni shaida ne cewa ba sai an haifi mutum haka ba, yana iya koyo a hankali, in dai duk sanda ya taka wani aka tafa masa. Can inda za ka, tafin ya fi na zamaninmu yawa, a waya yake zuwa dubu-dubu, kuma babu mai tare ka a bakin famfo ya gaya maka gaskiya.

Jiya na hau mota na tafi Orozo. Na ce tunda na kasa zuwa Katsina, wannan kam zan je. Ban sha wahalar samunta ba, tana zaune gindin wata bishiya kusa da masu sayar da doya, da sabuwar ƙwarya a gabanta. Inna Dije ake ce mata, rugarsu na bayan gari. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ni ne uban yaron da ya faɗi a gabanki kwanakin baya." Na shirya maganata tun daga gida, zan ce mata ƙarya ce, sabulu ne, ta yafe mana.

Ban kai ga faɗin haka ba ta kama hannun rigata. Ta ce, "Allah sarki! Kai ne babansa? Ya tashi? Yana magana?" Ta ce tun ranar hankalinta bai kwanta ba, ta bi asibitin da ke kusa ta tambaya aka ce ba a kawo kowa ba, sai ta ɗauka ka cika a hanya. Ta ce ita ma tana da ɗa mai irin wannan ciwon, Ja'e sunansa, ya kai kamar shekarunka. Ya kai shanu shan ruwa shi kaɗai, ciwon ya tashi masa a bakin rafi, ya faɗi da fuska cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Ta ce, "Da na ga kumfar nan a bakin yaronka, wallahi Ja'e na gani. Ban san sanda na yar da ƙwarya ba."

Daga nan ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ƙullin saiwoyi a tsumma. Ta ce tun washegari ta sa aka haƙo mata a daji, take yawo da shi kullum ko Allah zai sa ta ga wani naka. Ta danƙa min a hannu ta sake tambaya, "Ya jikin nasa?"

Nasiru, na dubi tsohuwar nan, na ce, "Da sauƙi, Inna." Na karɓi maganin, na yi godiya, na tashi. Ta bi ni da addu'a har na tsallaka titi. Da furfurata, na je ba da haƙuri na dawo da sabuwar ƙarya. A cikin mota na yi kukan da ban yi a makokin Haruna ba, har wanda ke kusa da ni ya tambaya ko rasuwa aka yi min.

Ban hana ka tafiya ba, ban hana ka sana'ar ba, ita ta ciyar da ku. Bidiyon nan kuma yana hannunka, ban taɓa kwamfutarka ba, ba kuma zan taɓa ba. In ka kai musu na san za su so shi, wataƙila ma ya ɗaga ka kamar yadda ka ce, kuma mutanen da ba su san sunan Ja'e ba za su tsayar da hoton daidai inda bakin uwarsa ke rawa. Abin da na sani shi ne gobe Alhamis tana gindin bishiyar nan daga hantsi har la'asar, motarka kuma sai jibi za ta tashi daga Jabi. Ni na kasa gaya mata. Ko da na iya ma, ba kaina ta ɗora a cinyarta ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka lafiya Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya bar maka zuciyarka da taushinta, Ya sa ka fi ubanka. Allah Ya jiƙan Haruna da Gwaggo, Ya sa su yafe min ranar da babu wasa. Mamanka da Zainabu suna yi maka fatan alheri, ba su san na rubuta wannan ba.

Wassalam.
Mahaifinka,
Sabo Kafinta

Ƙullin da ka gani cikin ambulan ɗin nan shi ne saƙonta, na yi alkawarin zan kawo maka. Ta ce a jiƙa da ruwan ɗumi ka sha safe da yamma, kuma don Allah kada a bar ka ka je bakin ruwa kai kaɗai.